Likkafanin Hajiya Falmata a Injin Wanki

Ku da kuke zuwa shan iska a bakin shagon nan kuna kallon inji yana juyi, kada ku zaci ba na jin abin da kuke faɗa. Wai Baba Habu ya samu aikin hutu, maɓalli kawai yake dannawa ya koma kujera ya miƙe ƙafa. To madalla da ku. Ku matso in ba ku labarin aiki guda ɗaya tak, daga cikinsa za ku ji sauran.

Shekarar da ruwa ya yi wuya a Damagaram ne. Ba irin wuyar da muka saba da ita kowane bazara ba, wannan ta fi ta nesa. Famfo ya yi shiru har mata suka daina leƙa shi. Ƴan garuwa suka zama manyan mutane, sai ka gaishe su da ladabi kafin su dube ka. Bayan azahar ina zaune ina kwance wani inji da ya ƙi juyi, sai ga kabu-kabu ya tsaya, Fanna ta diro da bokiti a hannu an rufe bakinsa da leda. Fanna jikar Hajiya Falmata ce, gidan Barebarin nan na cikin Birni. Ungozoma ce a matarnite, asibitin haihuwa, mace mai nutsuwa, ban taɓa ganin ta tana sauri ba sai ranar. Ni na kafa musu injin wankinsu lokacin da ta sayo wa gidan, irin mai baki biyun nan da ake zuba wa ruwa da bokiti.

Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Baba Habu, na kashe kaina."

Na ce, "Subhanallahi! Injin ne ya ja ki?"

Ta ce, "Da injin ne ai da sauƙi."

Ta yaye ledar. Farin alawayyo ne mai yawa, jiƙe sharkaf, amma farin ya tafi. Ya koma kalar zoɓon da aka cika wa ruwa, wani wurin ya fi wani duhu. Kallo ɗaya na san abin da ya faru, wani jan tufa ne ya zuba a kansa cikin inji.

Na ce, "Kin shanya shi?"

"A'a."

"Dutsen guga ya taɓa shi?"

"A'a, Baba. Ina gani na tsoma shi a ruwa na taho."

Na ce, "To alhamdulillahi, kin yi rabin aikin."

Ku riƙe wannan, ko ba za ku yi sana'ar ba. Tufa in wani ya zuba a kansa, muddin yana jiƙe akwai magana. Rana ta busar da shi, maganar ta yi nauyi. Guga ta hau kansa kuwa, shi ke nan, kun ɗaura masa aure da kalar.

Na ce da ita ta kwantar da hankali, alawayyo ne, ba shadda ba, ko bai fita ba ai kasuwa cike take da shi. Sai ta zauna a kan bido, jarkar ruwan nan, ta rufe fuska da gyale. Ta ce, "Baba, na Kaka ne. Na cikin adaka."

Wallahi sai da turnabis ɗin da nake kwance injin da shi ya faɗi daga hannuna. Duk wanda ya san gidan ya san abin da ke cikin adakar nan. Shekarar da Hajiya Falmata ta sauke farali tare da maigidanta, marigayi Alhaji Bukar, bandir guda na alawayyo suka saya a can, suka tsoma shi a ruwan zamzam, suka shanya, suka raba biyu. Likkafaninsu ke nan. Alhaji ya riga ya tafi a cikin nasa rabin. Nata kuma yana ninke a adaka yana jiran ta, kuma tsohuwar ba ta da ƙafar da za ta sake komawa Makka.

Yadda abin ya faru ba wani abin mamaki. Hajiya ta tafi Damagaram Takaya sunan ɗan wani ɗan'uwanta, za ta yi ƴan kwanaki. Fanna ta ce bari ta yi amfani da damar ta kakkaɓe mata ɗaki. Ta buɗe adaka ta ga farin yadi ya yi rawaya-rawaya a wajen ninki, ta zaci cikin zannuwan gadon da tsohuwar ke ɓoyewa ne. Ruwan wanki ya rage bido ɗaya, shi ma ya wuni a rana ya yi zafi. Ta haɗa abin da ya saura duka ta zuba, har da sabuwar laffaya ja da ba a taɓa wankewa ba. Sai da ta zo fitarwa ta ga tsawonsa, ta ga ɗinkin hannun kakarta a bakinsa, sannan ta gane. Ba rashin sani ba ne, Fanna ta san ba a haɗa fari da mai kala. Rashin ruwa ne. A shekarar nan gida nawa ne ke da ruwan yin zubi biyu?

Ta ɗago kai ta ce, "In na je kasuwar Dole na yanko irinsa, na ninke na mayar fa?"

Na ce, "Fanna, kakar taki? Matar da in wani ya ninke mata zane take gane hannun waye? Haba. Ki bar wannan. Jan nan zan gwada iyakar iyawata. Amma abin da injin ya wanke daga jikinsa, ba ni da ikon mayar da shi. Wannan tsakaninki da ita ne, kuma da bakinki za ta ji."

Ta ce to.

Abu na farko da na yi, na zare zare ɗaya daga jikin yadin na kunna masa ashana. Wannan a wurin Baba Ilu na koya, Allah ya jiƙansa, mutumin da na yi wa almajirancin wanki tun kafin in san akwai wani abu wai shi inji. Daga Guna aka kawo ni wurinsa ina saurayi. A bakin tapki muke wanki, kan duwatsu, daga fitowar rana har ta take tsaka. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa sabulu ba. Aikina rarraba kaya da lalube aljihu. Fari gefe, mai duhu gefe, sabo gefe, na jarirai gefe. In na kawo sabon zane zan jefa cikin tsibi, sai ya daka mini tsawa, "Ka tambaye shi?" Tambayar ita ce ka jiƙa gefen zanen, ka danna farin tsumma a kai. In tsumman ya ɗauko kala, zanen ya ba ka amsa, shi kaɗai zai yi wanka. Haka nan zare. Auduga in ta ƙone warin takarda take yi ta bar toka mai laushi. Na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙi. Baba Ilu ba ya bayani sau biyu, na biyun da bayan hannu yake yi. Na ji haushinsa a lokacin, yau kuwa kullum sai na yi masa addu'a.

Zaren likkafanin ya ƙone ya bar toka. Auduga ce zalla. Na ji sanyi a raina, don auduga tana jure jabel, ruwan nan mai mayar da tufa fari, in an bi ta a hankali.

Kafin in fara, sai da na bi Fanna gida na duba injin. Za ku ce me ya haɗa? To inji yana riƙe abu a cikinsa. Na ɗauki jakata. Ba wasu kaya ne na a zo a gani ba: turnabis biyu, kile na kwance noti, filaya, wata waya da na lanƙwasa bakinta, tsohon buroshin haƙori, da ƴar fitila. Sauran kayan aikin kunne ne da hanci. Wajen Idi mai gyaran firigo na koyi hanyar kuran, wato wutar lantarki, lokacin da injuna suka fara shigowa gidajen ma'aikata na ga in ban bi su ba za su bar ni a bakin tapki. Shi ya san waya bai san tufa ba, ni na san tufa ban san waya ba, sai muka yi musaya. Na cire ƴar jakar rariyar da ke tare dattin zare, na same ta cike da jan gashin laffaya. Na kwance faifan ƙasa mai juya ruwa, a ƙarƙashinsa ma ga shi nan dam, har da ƙwandala da makullin wani kwaɗo. Da ba a share ba, farar rigar da za ta biyo baya ita ma sai ta ɗebi rabonta. Na goge, na mayar, na ce da Fanna ta bar murfin a buɗe ya sha iska. Inji in ana rufe shi da danshi, wari yake yi, sai a zo ana cewa sabulu ne ba shi da kyau.

Yawancin abin da ake kira na a kai ke nan, ba injin ne ya lalace ba, hannun mai shi ne. Akwai wata madam a Zango da ta aiko mini wai kayanta suna fitowa da farin zane-zane kamar an shafa musu alli. Na je na tarar garin sabulu take zubawa da kofin shayi har sai kumfa ta hau murfi. A ganinta yawan kumfa shi ne tsabta. Na ce, "Madam, kumfar nan da wane ruwan za ki ɗauraye ta?" Ta yi dariya ta rage. Akwai wani dattijo da ba ya rabuwa da goro a aljihu. Sau nawa ina faɗa masa, sau nawa babbar rigarsa tana dawowa da tambari a ƙirji. Da na gaji sai na daina faɗa, in ya kawo kaya in cire goron in ci a gabansa. Wata baiwar Allah kuma ta zo mini a firgice, wai injinta yana tafiya da kansa, daga bakin bayi har tsakar gida, tana tunanin ko a kira malam. Na je na ga ƙafa ɗaya a kan siminti, ɗaya a rami, ga bargo an cusa shi ya taru gefe guda. Guntun katako na sa masa a ƙarƙashi, iskokin suka tafi. Shadda mai sheƙi da hular zanna kuwa, duk wanda ya sa su a inji ni da shi ba ma shiri. Waɗannan na hannu ne har gobe.

To, na dawo shago da likkafani a bokiti, sai babbar matsalar ta tsaya a gabana. Cire kalar da ta zuba ruwa yake ci, ba kaɗan ba, kuma ba kowane ruwa ba. Wanda ƴan garuwa ke kawowa a lokacin, wani daga tapkin da ya kusa ƙafewa ne, ja wur da laka. Wani na rijiya ne mai kanwa-kanwa, wani kuma mai ɗanɗanon ƙarfe, irin wanda in ya haɗu da jabel sai fari ya koma rawaya. Shi ne ruwan da ya kashe injuna a shekarar. Yashi ya cinye musu famfon fitar da ruwa, tiyo ya toshe, masu ƙofa a gaban nan da ke jiran ƙarfin famfo duk suka zauna kamar akwati. Ni kaina nawa biyu ne a shago, dole na sayar da ɗaya. Masu kawo wanki suka ragu, na koma wankin hannu kamar zamanin Baba Ilu, ruwa guda in yi fari da shi, in bi da mai haske, in ƙare da baƙaƙe, abin da ya rage in yayyafa a ƙofar shago. Ban ga shekara irinta ba, Allah kada ya maimaita.

Na tuna rijiyar garkar yayana a Guna. Ruwanta garai-garai, mai daɗi, da shi aka yi mini wankan jarirta. Akwai wani direba da ke ɗauko kayan miya daga can kowace safiya, na same shi a tasha na faɗa masa abin da ake ciki, ban ambaci sunan gida ba. Da ya ji likkafani ne bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Kawo bidunan." Washegari ga su nan a tsakanin kwandunan tumatir, yayana ya cika su da kansa, har ya aiko a tambaye ni ko wani ne ya rasu. Na ce a gaya masa babu wanda ya rasu, ƙoƙari muke kada ran wata ya ɓaci.

Ban sa likkafanin a inji ba. Abin da inji ya ɓata, sau da yawa hannu ne ke gyarawa. Babban daro na wanke tas, na zuba ruwan sanyi, na nutsa yadin duka, don in wani gefe ya leƙo waje ya bushe, nan zai bar layi. Ina dannawa da tafin hannu, ba cuɗa, ba murɗa. Ruwan ya yi ja, na canza. Ya sake yi, na canza. Sannan na bi da mai ɗumi da ɗan garin sabulu, na bar shi ya kwanta. Sai da na ga abin da zai fita da kansa ya gama fita, sannan na je ga jabel. Shi jabel kamar gishiri ne a miya, kaɗan ya gyara, da yawa ya kashe. A ruwa ake fara dama shi kafin tufa ya shiga, ba a tsiyaya shi kan yadi, kuma ba a haɗa shi da wani magani ko da wasa. Na tsaya a kansa ina juyawa, ko salla sai da na ɗauraye shi na bar shi a ruwan sanyi sannan na tafi. Yadin ya tsufa a adaka, zarensa ya yi laushi, in na yi masa gaggawa a hannuna zai yage. Tsoron da na ji ke nan duk tsawon aikin, ba na ɓoye muku.

Wani mai shago a kusa da ni ya leƙo ya ga ina zubar da ruwa garai a kan yadi guda, ya ce, "Habu, lafiyarka kuwa? Mutane na neman na sha." Na ce ba zubarwa nake ba, ga shi can a bido, wankin baƙaƙen kaya na jiran sa. Wani kuma da ya kawo kayansa tun shekaranjiya ya zo ya tarar ban taɓa ba, ya kwashe abinsa yana faɗa. Na ba shi haƙuri, bai karɓa ba. Bai dawo ba sai bayan salla.

Fanna kullum in ta tashi daga aiki sai ta biyo. Ta leƙa daro ta dube ni. Ranar da na yi ɗaurayar ƙarshe na shanya shi a bayan shago, ta zo ta tsaya a gabansa. Fari fat, har ya fi yadda ta fitar da shi daga adaka. Ta fara hamdala, sai idonta ya sauka a bakin yadin. Nan inda Hajiya ta kalmashe da hannunta don kada ya zare, zaren ya tsaya ja, siriri, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta ce, "Baba, wannan fa?"

Na ce, "Zaren roba ne ta yi ɗinkin da shi. Auduga ta saki kalar, shi ya riƙe. Ko shekara zan yi ina wankewa ba zai saki ba."

"To mu warware shi mu sake da fari."

Na ce, "Ba wuya, yanzu sai in yi. Amma ɗinkinta ne, a can ta yi shi. Mun taɓa mata abu sau ɗaya ba da izininta ba. Kada mu ƙara."

Da ya bushe ban yi masa guga ba, na bi tsohon ninkinsa na mayar. Fanna ta roƙe ni in raka ta ranar da tsohuwar za ta dawo. Na ce wannan maganar cikin gida ce. Ta ce, "Baba, in ni kaɗai ce bakina ba zai buɗe ba." Na ce to.

Bayan la'asar muka shiga. Hajiya Falmata na zaune kan tabarma a inuwa, kaskon turare a gefenta, ta miƙe ƙafafu tana hutar da gajiyar mota. Ƴar tsohuwa ce siririya mai kaifin ido da kaifin baki. Na durƙusa na ce, "Wushe, Hajiya, an dawo lafiya?"

Ta ce, "Habu mai wanki! Barbarcin naka har yau kalma ɗaya ce? Me ya kawo ka, injin ƴar nan ya sake cin ƙwandala?"

Fanna ta zo ta durƙusa a gabanta, ta ajiye ƙunshin, ta faɗi komai tun daga buɗe adaka har rijiyar Guna. Ba ta rage ba, ba ta kare kanta ba.

Tsohuwar ta jawo ƙunshin ta buɗe, ta shafa, ta ɗaga ta kai hancinta. Ta daɗe a haka. Can ta ce, a hankali, "Ba ƙamshinsa ba ne."

Ta ce, "Ba mu samu igiyar shanya ba ranar a Makka. Alhaji ya riƙe can, ni na riƙe nan, muka tsaya a rana kamar wasu turaku har ya bushe. Yana ta mita hannunsa ya gaji. Na ce masa ka riƙe da kyau, rigar da za ka fi daɗewa a ciki ce." Ta ninke yadin ta rungume, ta dafa bango ta tashi, ta shige ɗaki ta saki labule.

Kai, ban taɓa jin nauyin zama a gidan mutane irin na ranar ba. Fanna ta kifa kai a gwiwa tana kuka marar sauti. Tausayin su biyun ya kama ni, na rasa wadda zan fi ji wa. Na yi niyyar in sulale, sai na ji muryar tsohuwar daga ciki, "Kai mai wanki, kada ka gudu."

Ta fito ta koma mazauninta, idonta ya yi ja amma fuskar ta sake. Fanna ta yi sauri ta ciro wani ɗan butali daga jaka. Zamzam ne, ta roƙo a wurin wata abokiyar aikinta da ta dawo daga umra. Ta ce, "Kaka, ga wannan. Ko yayyafawa ne a yi."

Hajiya ta karɓa ta juya shi a hannu. Ta buɗe, ta yi bismilla, ta kurɓa. Ta miƙa wa Fanna ta ce, "Sha." Ta miƙo mini ragowar ta ce, "Kai ma." Muka sha. Ta ce, "A shekarar nan da makogwaro ke bushewa, a ba ƙyalle ruwa? Wanda na tsoma shi dominsa ya gani tun ranar. Inji ba ya wanke wannan."

Sannan ta baje bakin yadin a cinyarta, ta bi jan zaren da ɗan yatsa. "Wannan kuma gwanintar taka ce ta ƙare a nan?"

Na yi mata bayanin zaren roba, na ce, "Ga almakashi a aljihuna, Hajiya. In kin yarda, kafin magariba na sake shi da fari."

Ta ce, "Mayar da almakashinka."

Ta juya ta dubi Fanna. "Ke, ɗago kanki, ja'ira. Uwarki ta bar mini ke kina tsumma. Wa ya wanke miki tsummokin? Ni ce, da hannun nan, babu inji babu Habu. Ban taɓa zaton za ki rama mini ba, sai ga shi kin rama tun ina da rai, na gani da idona. Mutum nawa ne suka samu haka?" Ta ɗan taɓe baki. "Wankin ma bai fita ba sai da aka kira ƙato ya taya ki."

Fanna ta yi dariya cikin kuka. Tsohuwar ta ce, "A bar zaren nan yadda yake. Alhaji ya tafi da nasa ba hannun kowa a jiki. Ni zan tafi da na jikata." Ta miƙa mata yadin ta ce ta ɗora shi a kan kaskon turare tukuna, don ba za ta kwanta cikin warin jabel ba.

Hajiya Falmata ta ƙara ƴan shekaru bayan nan, ta ga dawowar ruwa a famfo, ta ga auren Fanna, ta goya ɗanta na fari. Da sanyin bara waccan Allah ya yi mata cikawa, bayan gajeriyar jinya. Na je jana'iza, na bi sahu, na yi gaisuwa a zaure kamar kowa. Mu maza ba ma ganin abin da ake yi a ciki, ban kuma tambaya ba.

Bayan an share makoki Fanna ta biyo ta shago. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya. Ta tsaya tana murza bakin gyalenta, sannan ta ce matan da suka zo suturta Kaka, da suka buɗe yadin suka ga jan zare, babbarsu ta ce a kawo reza a yanke bakin, likkafani fari ake so.

Na ce, "To?"

Ta ce, "Na riƙe hannunta, Baba. Na ce mai shi ta ce a bari."

Na ce, "Suka bari?"

Ta ce, "Da shi ta tafi."